Kiɗan dauri: wa ya ji shi, kuma da wane kunne?

A ƙarshen shekarar karatu, ko ranar da babban baƙo zai sauka, makarantu da ƙungiyoyin al'adu na gundumomin Mayahi da Tasawa sukan shirya abin da suke kira kiɗan kakanni. Daga Tchaké har cikin garin Tasawa tsarin kusan ɗaya ne. A jera ƴan mata sahu biyu cikin atamfa iri guda, a nemo mai kalangu da mai gurmi, in an yi sa'a har da mai algaita, a tsayar da su gaban lasifika, a ba su minti biyar ko bakwai. Mai gabatarwa ya shaida wa jama'a cewa haka aka gada tun kaka da kakanni. Jama'a su yi tafi, kuma tafin ya halatta, domin yaran sun sha wuya kafin su iya. Sai dai tsarkiyar gurmin nan igiyar roba ce irin ta masu fatsa, jerin sahun daga dandalin samariya na zamanin Seyni Kunce ya fito, minti biyar ɗin kuwa agogon alƙalan gasa ne ya yanka shi. In aka bi diddigi, kakan da ake nufi sau da yawa bai girmi shekarar 1976 ba, wato shekarar da aka soma bikin matasa na ƙasa, wanda ya koya wa kowace jaha yadda za ta naɗe al'adarta ta hau da ita kan dandamali.

Wasan samariya ba abin kunya ba ne. Shi ma ya zama tarihi, yana da gwanayensa. Haɗarin yana wajen sunan da aka laƙa masa. Ɗalibin da aka gaya wa yau cewa wannan shi ne kiɗan zamanin Ɗan Kasawa, shi ne gobe zai tsaya gaban allo ya maimaita, alhali tsofaffin da za su iya gyara masa suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka tambayar ta cancanci a yi ta da gaske: yaya ake yin kiɗan dauri a zamaninsa, kuma ta wace hanya za a iya sani?

Turawa sun shafe fiye da shekara ɗari suna kokawa da wannan tambaya a kan nasu kiɗan. A ƙarni na 19, in an tashi kaɗa abin da Bach ko Handel suka tsara, da kayan zamani ake yi, da taron makaɗa da mawaƙa masu yawan da su masu kiɗan ba su saba da shi ba. Arnold Dolmetsch, wanda aka haifa a garin Le Mans na Faransa a 1858 ya kuma yi yawancin rayuwarsa a Ingila, yana cikin na farkon da suka ce wannan rigar aro ce. Ya zauna ya sassaƙa irin tsofaffin kayan da hannunsa, ya tono littattafan da makaɗan ƙarni na 17 da na 18 suka rubuta don almajiransu, a 1915 ya fitar da nasa littafin a kan yadda ya kamata a kaɗa kiɗan waɗannan ƙarnuka. Bayan yaƙin duniya na biyu aikin ya bunƙasa. Nikolaus Harnoncourt ya kafa ƙungiyarsa a Biyana a 1953. Aka koma ga tsarkiyar hanji a madadin ta ƙarfe, aka rage yawan makaɗa, aka sassauta ɗaurin kayan don sautin ya yi ƙasa kaɗan da na yau. A 1987 William Christie ya nuna Atys a Paris, wasan waƙa da Lully ya tsara wa Sarki Luwi na 14 a 1676, bayan ya yi fiye da shekara ɗari biyu ba a ganinsa.

Malamin Faransanci da ya karanta labarin fadar wannan sarki zai ci karo da abin da ya sani tun yana yaro. Akwai rukunin makaɗa da ke ƙarƙashin babban bargan sarki: masu busa ƙahon ƙarfe, da masu tambura, da masu wata ƴar'uwar algaita. Aikinsu shi ne hawa, da tarbar manyan baƙi, da bukukuwan sarauta. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan tsari. Dangantakar ma ta wuce kama. Waɗanda suka nemi kiɗan Turai na ƙarni na 12 da na 13 sun tarar takarda ba ta ba su komai sai zaren waƙa guda, ba ta faɗi kayan da za a raka ta da su ba, sau da yawa ko saurinta ba ta faɗa ba. Thomas Binkley, Ba'amurken da ya jagoranci wata ƙungiya a birnin Munik na Jamus tun wajen 1960, ya juya ga makaɗan Maroko, ya saurari yadda suke buɗe waƙa da yadda suke yi mata ado, ya ɗora wannan a kan tsofaffin waƙoƙin Faransa da Jamus. Hujjarsa ita ce kayan kiɗan Turai da dama ta hannun Larabawa suka shiga can. Doguwar nafir da ake busawa a Fas cikin watan azumi dangin kakaki ce, gaita kuwa ita ce ta ba algaita sunanta. Wato dai Turawa sun nemi kunne sun rasa, suka zo Afirka aro.

Daga baya 'yan'uwansu suka tuhume su. Wanda Landowska, wadda ta farfaɗo da klabsan, kakan piyano, a farkon ƙarni na 20, da wani ƙato mai nauyi take kaɗawa wanda kamfanin Pleyel ya ƙera mata a 1912, irin wanda Bach bai taɓa ɗora yatsa a kansa ba. Richard Taruskin kuma, a littafinsa na 1995, ya nuna cewa sautin nan tsaf-tsaf, mai sauri, marar kitse, da ake sayarwa da sunan na asali, ɗanɗanon mutanen ƙarni na 20 ne aka sa wa rawanin dauri. Masu hankali daga cikin makaɗan suka karɓi gyara: suka bar cewa kiɗansu shi ne na asali, suka koma cewa kiɗa ne da ya nemi shawarar tarihi.

Su Turawa takarda suke da ita, silsilar uba da ɗa ko malami da almajiri ce ta yanke musu. A ƙasar Hausa lamarin ya juya. Babu al'adar rubuta sautin kiɗa, amma gidajen makaɗa suna nan, kuma sarautun Tambura da Sarkin Makaɗa da Sarkin Busa gado ne a fadoji da yawa. Wannan arziki ne, amma yana da tarko a cikinsa, domin mai gado yakan rantse cewa bai sake komai ba, kuma da gaskiyarsa yake rantsuwar, tun da shi ma bai ji kakan kakansa ba.

Rubutun da ake da shi kaɗan ne, kuma ido ya rubuta shi. Tarihin Kano, wanda Palmer ya fassara a 1908, ya jingina shigowar kakaki ga Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ya ce Kutumbi, a ƙarni na 17, in zai fita yaƙi ko Salla, ganguna 40 da kakaki 25 da tambura 50 suke tare da shi. Ko da an rage wa adadin kishin marubuci, ya nuna cewa ƙarfin sarki da yawan ƙara ake auna shi, kuma mai kakaki guda da ake tsayarwa gaban makirfo a yau ɗigo ne daga wannan kogi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa shagala da ganguna da kayan tsarkiya da tambura dare da rana cikin halayen sarakunan da ya yaƙa, ya halatta bugun tambari don tara runduna da sanar da tashinta ko saukarta. Zargi ne, amma zargin ya zama shaida: ya faɗi abin da ake kaɗawa da lokacin da ake kaɗa shi. Kyaftin Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, ya tattara tarihin Maraɗi da Gobir da Tasawa daga bakin fadawa. Daga irin waɗannan takardu ana samun sunan kaya, da adadi, da ranar fita. Sauti kam babu.

Tarihin wannan yanki ya sa tarkon ya fi kamu a nan. A 1807 mutanen jihadi suka ci birnin Katsina, a 1808 Alkalawa ta faɗi. Gidan Korau ya yi hijira zuwa Damagaram, sa'an nan wajen 1819 Ɗan Kasawa ya karɓe Maraɗi ya kafa Katsina ta biyu, da Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durbi, da Iya mai riƙe da sha'anin mata da na bori. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836, inda Sarki Rauda na Maraɗi da Sarkin Gobir Ali suka kwanta dama, Gobirawa suka gina Tsibiri dab da Maraɗi. Tasawa tana bin Maraɗi lokacin da Barth ya sauka cikinta a watan Janairun 1851. A ƙarshen ƙarnin kuma, da rikicin gidan sarauta ya tsananta a zamanin Ƙaura Hasau, Sarki Mijinyawa ya koma can da zama, Katsinar hijira ta rabu biyu. Daga nan ne wasu suke yanke hukunci cewa tun da jihadi bai riƙe Maraɗi da Tsibiri ba, kiɗan fadojinsu shi ne kiɗan sarakunan Hausa na kafin 1804, a rufe cikin tulu ba ƙura ba iska.

Akwai ƙamshin gaskiya a cikin zancen, musamman ta fuskar sarautu da al'adun naɗi, amma bai tsaya da ƙafafunsa ba. Fadar Maraɗi ta yi kusan shekara 80 tana zaman sansanin yaƙi, kuma yaƙi shi ne masaƙar take da kirari. Taken Ɗan Baskore, wanda M. G. Smith ya sa mulkinsa tsakanin 1854 da 1875, ba zai girmi Ɗan Baskore ba, ko da an gina shi a kan tsohon harsashi. A can kudu kuma kiɗan fada bai mutu ba. Tun jihadi bai ƙare ba Abdullahi ɗan Fodiyo ya koka da abokan tafiyarsa da suka koma ga molo da sarewa da ganguna, kuma ba a daɗe ba sarakunan daular Sakkwato suka ɗauki kakaki da tambura suka mai da su nasu. Veit Erlmann ya keɓe littafi guda a 1986 a kan wannan ja-in-ja. Makaɗan da suka zauna a birnin Katsina sun sake ubangida, ba su sake hannu ba. Makaɗi kuma inda kyauta take can yake nufa, iyakar Faransa da Ingila ba ta taɓa tsare shi ba. Sa'an nan Turawa suka zo. A watan Yulin 1899 tafiyar ɓarnar Voulet da Chanoine ta ƙare a Maijirgi, kusa da Tasawa, inda kaburburansu suke. Cikin ƴan shekaru yaƙi ya fita daga hannun sarakuna, kuge da ƙaho da gangar yaƙi suka rasa aikin da aka yi su dominsa, suka zama adon hawan Salla da na tarbar kwamanda. Ambaliyar 1945 ta tashi tsohon garin Maraɗi daga kwari zuwa tudu. Ƙofar fadar da kakaki ke amsa kuwwa a cikinta a yau ba ita ce wadda Ɗan Baskore ya zauna ba.

To, mene ne ke sa a ce an yi kiɗan fada daidai? Kaya suna ciki. Tambari akushi ne babba na itace da aka rufe da fatar sa, ana dukansa da bulalar fatar dorina, kuma dorina ta yi wuyar samu. Masu binciken shekarun 1960 sun tarar ana ƙera kakaki da tasoshin tagulla ko da garwar kananzir, abin da ke nuna cewa ƙarfen da Rumfa ya ji ba shi ne wanda aka ɗauka a faifai ba. Goge izgar doki yake so da fatar guza a kan ƙoƙo. Amma kaya su ne mafi sauƙin maidowa: in an sami maƙeri da dukawa da kuɗi, an gama. Lokaci da izini sun fi wuya. Tambari ba na kowa ba ne, ba kuma na kowace rana ba. Yana fita ne don naɗin sarki, da Salla, da babban al'amari. Sara ta daren Juma'a a ƙofar fada sanarwa ce ta mako-mako cewa sarki yana nan, mulki yana nan. Wanda ya ɗauko wannan kiɗa ya kai shi filin makaranta da hantsin Talata, ko bai kuskure bugu ɗaya ba, ya sake masa ma'ana.

Abin da ya fi duka wuya shi ne kunne. Kakaki sauti biyu yake bayarwa a yawancin busa, na sama da na ƙasa. Da waɗannan biyun yake faɗin isowar sarki da kirarinsa, domin Hausa harshe ne mai hawa da sauka, kuma mai sauraro shi ne yake cika kalmomin da kansa. Haka kalangu da jauje da kotso suke bin karin harshe da tsawon gaɓa. Bafaden dauri yana cikin ɗakinsa zai san ko Ƙaura ne ya iso ko Durbi, tun bai ga doki ba. Saurayin yau yana jin ƙara mai daɗi, ya ɗaga waya ya ɗauka. Makaɗin bai sake ba, amma rabin kiɗan ya tafi, domin rabin nan a kan mai ji yake zaune. A nan malamin Hausa yake da hannu a cikin laifin ba da saninsa ba. Rubutun boko da ake koyarwa ba ya nuna karin sauti, ba ya nuna tsawon wasali: kuka ta itace da kukan hawaye harufa ɗaya suke da su, ganga kuwa ba za ta taɓa haɗa su ba. Duk taken da aka rubuta a littafin ƙungiya ba tare da alamar sauti ba, an zubar da ainihin abin da gangar take kaɗawa. Bargery ya sa alamun sauti a ƙamusunsa tun 1934, saboda haka hanyar ba sabuwa ba ce. Koya wa masu tattarawa ita ne ya rage.

Shaida ta uku ita ce na'urar ɗaukar murya. A 1963 Tolia Nikiprowetzky ya zagaya Nijar yana ɗaukar kiɗa, kamfanin Ocora ya fitar da shi a faifai. David Ames ya yi aiki a Zariya a 1963 da 1964, Anthony King ya rubuta kundin digirinsa na 1969 a kan ganguna da kakaki na fadar Katsina, su biyun suka fitar da ƙamus na kalmomin kiɗan Hausa a 1971. Erlmann ya zauna da makaɗan kwarin Maraɗi, ya buga bincikensa a kan kiɗan bori a 1982. A Yamai akwai ma'ajiyar gidan rediyon ƙasa, da ta IRSH, da ta CELHTO wadda aka kafa tushenta a 1968, da cibiyar koyon kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a 1989. Mahaman Garba kuma ya kare kundinsa a kan kiɗan Hausawan Nijar a 1992. Wannan dukiya ce, kuma tana kai mutum nesa fiye da yadda ake zato: tsohon da aka ɗauka a 1963 yana da shekara 70 an haife shi kafin Turawa su iso, a hannun mutanen da suka kaɗa wa mayaƙa ya koya. Sai dai faifai ma yana da nasa son zuciya. Sau da yawa baƙo ne ya roƙi a yi kiɗan, a ranar da ba tasa ba, a tsakar gida maimakon bisa doki, a gajarce don zaren ya isa. Makirfo yakan matso da mawaƙi ya tura ƴan amshi baya, ya yanke guɗar mata da zugar maroƙa da haniniyar dawaki a matsayin hayaniya, alhali a kunnen mai hawa su ma kiɗan ne.

Akwai wata hanya da tarihin yankin ya ba da kyauta, irin wadda masana harshe suke bi wajen gano tsohuwar kalma. Jihadi ya raba gidajen sarauta biyu-biyu: Katsina da Maraɗi da Tasawa, Tsibiri da Sabon Birni, Zariya da Suleja, wadda sarakunan Zazzau na hijira suka kafa a 1828 da sunan Abuja. In aka ɗauki taken sarauta guda, a ce na Durbi ko na Galadima, aka ji yadda ake kaɗa shi a birnin Katsina da Maraɗi da Tasawa, abin da ukun suka haɗu a kansa yana da hujjar ya girmi 1807, abin da suka rabu a kansa kuwa ɗan baya ne. Hujjar ba yankakkiya ba ce, saboda yawon makaɗa da rediyo sun gauraya ruwan. Dole a tambayi kowane makaɗi inda ubansa ya zauna da wanda ya yi wa bara. Duk da haka ta fi rantsuwa ƙarfi, kuma aikin King ya riga ya ajiye ɓangaren Katsina yana jiran a kawo na arewa a jera.

Fada dai tana da masu tsaronta. Kiɗan da ya fi shiga haɗari shi ne na garuruwa irin Tchaké da ƙauyukan Gulbin Kaba, inda ba kakaki ba tambura. Da yawa daga garuruwan arewacin jahar Maraɗi an kafa su ne bayan yaƙe-yaƙe sun lafa a farkon ƙarni na 20, manoma suka bazu neman sabon daji, kowa da makaɗinsa a baya. Kiɗansu ya zo daga wurare dabam-dabam, kuma ba wani Landeroin da ya zauna ya tambaye su. Kowace sana'a da nata: kalangu na mahauta, dundufa ta maƙera, garaya ta mafarauta da ƴan bori, gangar noma ta gayya. Wannan ta ƙarshe ita ce misali mafi kyau na kiɗan da ba ya rayuwa a dandamali. Saurinta daga hauya yake fitowa, kuma mai hauyar tsaye a jigawa da mai duƙe a fadama ba numfashi ɗaya suke yi ba. Makaɗi yana bin sahu, ya ga wanda ya soma sanyi ya kaɗa masa taken ubansa, ya ga wanda ya wuce ya zuga shi. Tsawon kiɗan tsawon kuyya ne. Guy Nicolas ya bayyana bikin dubu, wanda manomin da ya tara dami dubu yake yi ya zama sarkin noma, da buɗin daji da ke buɗe farauta. Kowannensu da kiɗansa. Garmar shanu da ƙwadago sun rage gayya, wa'azi ya rage bori, lasifika da waya sun karɓe biki. In gayya ta tafi, ana iya ajiye gangar, ana iya koya wa yara bugun, amma wanda zai faɗi dalilin da ya sa bugun ya sake a tsakiyar kuyya sai wanda ya taɓa riƙe hauya a gabanta.

Nijar ta riga ta ga yadda silsila take komawa mutum ɗaya. Biram, kayan kiɗan Buduma na tafkin Cadi mai tsarkiya biyar da siffar kwalekwale, ya kusa ɓacewa lokacin da Malam Maman Barka, wanda malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi, ya sami tallafin UNESCO a 2002 ya tafi ya zauna wurin Bukar Tar, wanda ake ɗauka shi ne gwani na ƙarshe. Ya koya, ya karɓi biram ɗin malaminsa, ya zagaya duniya da shi, ya fitar da faifai a 2009, ya rasu a 2018. Ya ceci kayan da waƙoƙi masu yawa, wannan ba gardama. Amma shi Batube ne daga Teskar, ya haɗa biram da ganguna don kunnen baƙi, a zaurukan da ba su taɓa jin warin kifi ba. Abin da ya bari biram ne na Barka, kuma darajarsa ba ta ragu da an faɗi haka ba.

Abin da ƙungiya ko makaranta za ta iya yi ba ya bukatar tallafin waje. A takardar shirin biki a rubuta gaskiya: wannan rawa an tsara ta a zamanin samariya, a kan kiɗan gayya na gari kaza. In an je wurin tsohon makaɗi, kada a tsaya ga roƙonsa ya kaɗa. A tambaye shi wa ya koya masa, da wace fata ubansa yake rufe ganga, wace rana ce ba a kaɗa wannan take, wa ke da ikon a kaɗa masa, me ake ba makaɗi in ya gama. A bar na'ura a buɗe har ya gaji don kansa. Sa'an nan a ɗauki abin da aka naɗa a kai wa wani tsoho dabam, manomi ko mahauci ko tsohuwar zabiya, wanda bai halarci zaman ba, a kunna masa ba tare da an gaya masa komai ba, a roƙe shi ya faɗi abin da gangar take cewa. A rubuta maganarsa da alamun sauti a gefen ta makaɗin, da sunan garin da shekarar. Inda suka saɓa, a rubuta duka biyun.